Ya Goge Sunana Daga Aikina, Yanzu Manhajarsa Tana Rataye A Hannuna

Daga admin: Wata 'yar'uwarmu ce ta turo wannan, ta ce a sakaya sunanta. A karanta har ƙarshe kafin a yi sharhi, ban da zagi.

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Admin, Allah ya saka da alheri. Shawara na zo roƙo, don Allah ku agaza min da ita da wuri, saboda yadda nake jin zuciyata a yanzu hannuna zai iya riga hankalina. Kuma tun daga farko ina neman alfarma, duk wanda ya san abin da zai rubuta shi ne ki yi haƙuri, mace da haƙuri aka san ta, ya adana datarsa. Haƙurin nan shi ya zaunar da ni a gida yau ba aiki.

Ni mai rubuta manhaja ce, a Abuja nake, gidanmu yana Dutse Alhaji. Mahaifina yana da ɗan kemis a bakin titi. Lokacin da nake bautar ƙasa Baba ya je kasuwa ya kwaso wata 'yar firinta mai arha, irin ƙananan nan masu fitar da takarda kamar rasit, wai zai riƙa buga wa mutane yadda za su sha magani ya manna a jikin kwalba, don rubutun hannunsa shi kansa wani lokaci sai ya kira ni na karanta masa. To firintar ta ƙi jin maganar tablet ɗinsa. Ba takardar bayani, kamfanin da ya ƙera ta ma ba ka san ta ina za ka neme su ba. Ni kuma ina da taurin kai, na zauna da ita a bayan kantar kemis ɗin ina gwada wannan ina gwada wancan, na ɓata takarda ta fi cikin leda, har Allah ya sa na rubuta wani ɗan guntun kod da ke tsayawa tsakaninsu kamar tafinta. Ranar da ta fara bugawa Baba har maƙwabcinsa mai shayi ya kira ya zo ya gani. Na ɗora guntun a shafin da masu sana'armu ke ajiye aikinsu, a ƙarƙashin akawun ɗina, na bar shi a buɗe kowa ya ɗauka kyauta. Sharaɗi ɗaya na rubuta a samansa, duk wanda ya yi amfani da shi ya bar sunana a jiki.

Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba sana'arsu ba ce, don in ba ku gane wannan ba ba za ku gane abin da ke ƙona min rai ba. Ba wanda ke rubuta manhaja shi kaɗai daga farko har ƙarshe. Kamar miya ce, ba ke kika noma tattasai ba, ba ke kika haƙo gishiri ba, kin dai haɗa. Manhaja ɗaya tana dogara da guntaye masu yawa da wasu mutane suka rubuta, kowane guntu kuma yana dogara da wasu a ƙarƙashinsa, kowanne da lambar fitowarsa. In ɗaya ya canza ko ya ɓace, haɗin gaba ɗaya sai ya ƙi. Wasu guntayen ana samun su a niƙe, a zuba kawai. Wasu kuma, irin nawa, dole ka ɗauko asalin rubutun ka niƙa da kanka daidai da na'urar da za ta yi aiki da shi. Shi ke nan bayanin, ba zan ƙara wahalar da ku ba.

Bayan bautar ƙasa na samu aiki a wani ƙaramin kamfani da ke yi wa kemis-kemis da ƙananan asibitoci manhaja. Da na zo, tashin hankalin da na tarar shi ne kowace kwamfuta a ofishin da irin nata haɗin. Abu ya yi aiki a laftof ɗin wannan, ya ƙi a ta wancan, a wuni ana musu. In aka ɗauki sabon ma'aikaci sai ya kwashe kwana da kwanaki yana sauke kaya daga intanet, ga netwok ɗin ofishin kamar ana ɗiga ruwa da cokali, ana cikin saukewa a ɗauke wuta a koma farko. Ni na zauna na tsara komai. Na bi guntayen nan ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure kowanne a lambar da muka gwada muka ga tana aiki, na tara asalin rubutunsu duka a wani faifan ajiya, na rubuta umarnin da in ka danna zai haɗa maka wurin aiki tun daga tushe ba tare da ka taɓa intanet ba. 'Yan ofis suka sa wa faifan suna Tukunya, don kowa daga ciki yake ci. In baƙo ya zo, a nuna masa kujera, a nuna masa banɗaki, a miƙa masa Tukunya. Kafin a tashi ya fara aiki. Guntun firintata ma na saka shi a ciki, da sanin mai kamfanin, saboda kwastomominmu duka irin firintar Baba suke iya saya. Da guntun nan kamfanin ya samu shiga unguwanni irin su Karmo da Masaka, inda ba mai kemis ɗin da zai sayi firinta mai tsada.

A nan na haɗu da wadda zan kira Rahila, ba sunanta ba ne. Kirista ce, 'yar Filato, ta girme ni kaɗan, a Masaka take zaune da mijinta da 'ya'yanta. Teburinmu ɗaya. Ita ce take riƙe min jaka in zan yi sallah, ni nake rufa mata asiri in go-sulo na hanyar Nyanya ya riƙe ta da safe. Da Kirsimeti har gida take aiko mana da cincin, da Sallah 'ya'yanta a ɗakin Mama suke wuni. Mijinta tun da aka rushe shagonsa a Karmo bai sake tsayawa da ƙafarsa ba, albashinta ne gidan. Ina faɗa muku wannan ne don ku san ba baƙuwa ba ce a wurina.

Sai mai kamfanin ya kawo mana sabon shugaban sashe, ƙanin matarsa, zan kira shi Oga Mansur. Wallahi ban taɓa ganin mutum mai son a ji muryarsa irinsa ba. Ya je wani kwas a waje ya dawo, kalmar kilawud ba ta barin bakinsa, wato kwamfutar haya da ke can wata ƙasa wadda ake aiki a kanta ta intanet. Ranar farko da ya ga ana miƙa Tukunya hannu da hannu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wai ofishin manhaja ne nan ko gidan biki da ake zagayawa da kwanon tuwo. Ya ce daga yau komai a kilawud za a riƙa haɗawa, kuma a kwance ɗaurin da na yi wa lambobi, kullum a ɗauko sabon fita, wai zamani ba ya jiran masu tsoro. Ni ban ce kilawud haramun ba ne, ku fahimce ni. Na ce masa a koma can ɗin, ba matsala, amma a bar lambobin a ɗaure, kuma a ajiye kwafin kowane guntu a hannunmu, saboda abin da ke akawun ɗin wani ba naka ba ne, mai shi zai iya tashi da ɓacin rai wata rana ya goge. Da bakina na faɗa masa haka, a gaban kowa. Ya dube ni ya ce, "Malama, wannan tunanin 'yan Dutse Alhaji ne." Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Mako bai zagayo ba na nemi Tukunya na rasa. Ashe ya kai gida ya share ta tas, ya zuba bidiyon sunan ɗansa a ciki. Aikin da na yi wata da watanni ina tacewa, ya koma hoton raguna da 'yan uwan matarsa suna rawa. Bai tsaya nan ba, ya sa aka karɓi laftof ɗin kowa aka wanke aka sake zubi, wai don a zama bai ɗaya. Daga ranar ba kwamfuta ɗaya a ofishin da ke da asalin guntayen nan. Kwamfutar hayar ce take zuwa ta ɗauko su daga inda suke duk lokacin da za a yi haɗi, ta niƙa, ta miƙo abin da ta gama, ta zubar da sauran. Abin da na faɗa kuwa bai daɗe ba ya fara faruwa, yau wannan guntu ya canza haɗi ya ƙi, gobe wancan. Duk ranar da ya ƙi, ni ake kira in gyara, in na gyara a mitin ya ce tsohon tsarina ne ke ba su matsala. Na cije, na ce ai aiki na zo yi ba faɗa ba.

Abin da ya kawo ƙarshen cijewata shi ne wannan. Ya rubuta wani ɗan siririn kod ya lulluɓe guntun firintata da shi, kamar ka sayi atamfa ka canza mata leda, ya raɗa masa suna da harufan sunansa, ya kira shi injin bugawa na kamfani. A shafin manhajar inda ake jera waɗanda suka yi aiki, ya cire sunana ya sa nasa. Aka gayyaci kamfanin wani taro na masu harkar lafiya a otal, ya tsaya da kwat yana ba da labarin yadda wai ya ga talakawa na shan magani ba daidai ba, abin ya hana shi sukuni har ya ƙirƙiro mafita. Ni ina baya ina riƙe da wayar firinta don kar ta zare. Labarin Babana ne fa, da rubutun hannun da ba ya karantuwa da komai, a hira na taɓa ba shi, ya mai da shi na wani kawunsa. Ina tsaye ina sauraro har ya gama.

Ranar Litinin a mitin na yi magana, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ban yi ta da sanyi ba. Na ce masa ɓarawo ne, na ce ko kunna firintar bai iya ba sai an nuna masa maɓalli. Shi kuwa ya kwantar da murya kamar limami, ya ce duk abin da aka yi a kamfani na kamfani ne, ya ce abin da na zo da shi wasan yara ne shi ya mai da shi aiki, ya ce ya sake rubuta komai daga farko babu layina ko ɗaya a ciki. Na juya na ce Rahila ta faɗi gaskiya, ita ta san lokacin da na kawo guntun, tare muka gwada shi a kemis ɗin wani mutum a Masaka. Jama'a, Rahila ta sunkuyar da kai tana wasa da murfin biro. Na sake kiran sunanta. Ta ce ita ba ta tuna sosai ba. Wallahi zagin da Oga Mansur ya yi min duka bai kai wannan kalma ciwo ba, don shi dama ban taɓa sa ran alheri daga gare shi ba.

Ƙarshen wata aka ce ba za a sabunta kwantiragina ba, wai ba ni da ladabin aiki da mutane. Aka karɓi laftof aka wanke a gabana. Na nemi ganin mai kamfanin, sakatariya ta ce ya yi tafiya, alhali ga motarsa ina kallo. Na kira, na tura saƙo, shiru, dama wa zai tsaya ya saurari bare a kan ƙanin matarsa. Abin da ya fi ɓata min rai ma ya biyo baya. Na je neman aiki wani wuri, a cikin abin da na ce na yi na ambaci guntun firinta, mutumin da ke min tambayoyi ashe ya halarci taron otal ɗin nan. Ya yi wani murmushi ya ce ai ya san wanda ya yi wannan aikin, ya ba ni shawara wai in daina jingina da aikin manya, Abuja ƙarama ce. Na fito daga ofishin a matsayin maƙaryaciya, a kan abin da na rubuta a bayan kantar ubana. A motar Dutse na yi kuka, kwandasta yana ta ce min sori madam, shi a zatonsa rasuwa aka yi min. Rahila ta kira ni ba adadi a lokacin, ban ɗauka ba, daga baya ma na toshe lambarta.

To ga inda maganar ta juya. Shafin da na ajiye guntuna yana nuna wa mai abu in ana ɗaukar kayansa. Wata rana na shiga don in nuna wa wani aikin da na yi, sai na ga ana ɗaukar guntun a kai a kai, a ranakun aiki, daidai lokutan da na san suna haɗi a ofis. Na zauna na yi tunani, sai dariya ta kama ni, irin dariyar da ba ta daɗi ba. Mutumin da ya rantse ya sake rubuta komai, ledar kawai ya rubuta. Umarnin haɗin da ke can ƙasa bai taɓa buɗe shi ba, don a wurinsa wannan aikin yara ne. Har yau duk lokacin da za su fitar da manhaja, kwamfutar hayarsu akawun ɗina take zuwa ta durƙusa ta ɗauki asalin rubutuna. Kuma ba su da kwafi. Kwafin da suke da shi yana cikin Tukunya, Tukunya kuwa raguna ne a ciki. Da ya ji maganata ta ranar farko, da yau ba ni da abin da zan iya yi masa.

In na goge, manhajar da ke hannun masu kemis yanzu ba za ta tsaya ba, wannan na tabbatar, don da na gaya wa Baba labarin abin da ya fara tambaya ke nan, ya ce shi dai duk rigimar da za mu yi kar firintarsa ta daina bugawa. Abin da zai tsaya shi ne sabon haɗi. Kuma sabon haɗi suke buƙata yanzu kamar rai. Na ji daga wani tsohon abokin aiki cewa wata babbar ƙungiya mai asibitoci da yawa tana son ɗaukarsu, ta sayo nata sababbin tablet waɗanda cikinsu ya bambanta da na da, dole a sake niƙa komai daga tushe kafin manhajar ta hau kansu. Ranar Alhamis mai zuwa za su je su nuna. Kamfanin bai taɓa samun dama irin wannan ba, Oga Mansur har ya ɗinka sabuwar kwat. Na ce alhamdulillahi, ranar Laraba zan goge, ya je ya tsaya a gaban manya ya sake rubuta komai daga farko tun da ya iya. Kwanakin nan har abinci na fi ci.

Jiya Lahadi da rana ina kemis ina taya Baba, sai ga Rahila a bakin ƙofa da kayan coci a jikinta. Duk wanda ya san Abuja ya san abin da ake nufi da tasowa daga Masaka zuwa Dutse Alhaji, mota nawa za ka canza, rana nawa za ka sha. Ta durƙusa ta gai da Baba, shi kuwa da bai san zurfin abin ba ya hau murna yana ina yara, ya aika a kawo mata ruwa mai sanyi. Ni ko kallonta ban yi ba, na ci gaba da jera kwalaye. Ta ja benci ta zauna, ta ce, "Sista, na gan sunanka a ciki." Haka take magana, mace ko namiji kowa "ka" ne a bakinta, da can ina tsokanarta da shi, jiya ko murmushi bai zo min ba. Ta ce Oga ya ɗora mata aikin sabon haɗin, ya rubuta wa mai kamfani cewa ita ce mai alhakinsa, ya kuma gaya mata a gaban mutane in abu ya lalace ranar Alhamis kar ta dawo ofis ranar Juma'a. Kun ga halinsa ko, in ya yi kyau nasa ne, in ya ɓaci na Rahila ne. Tana bin umarnin haɗin layi layi don ta ga abin da sababbin tablet ɗin ke buƙata, sai ta ci karo da adireshin akawun ɗina.

Na san abin da hakan ke nufi. Guntun a buɗe yake, duk wanda ya san inda yake zai iya kwafe shi kafin ruwan shayi ya tafasa, ya ajiye a nasu wurin, shi ke nan an zare min haƙori. Na ce mata to sai me, kin kwafe kin zo ki yi min dariya ne. Ta ce ba ta kwafa ba. Na ce kin gaya wa ogan naki. Ta ce ba ta gaya wa kowa ba. Na ce ƙarya kike, kin saba. Ta buɗe laftof ɗinta a kan kantar Baba ta juyo min da ita, na duba da idona, umarnin yana nan yadda na bar shi, yana nuna akawun ɗina, ba kwafi a ko'ina. Sai ta ce, "Ranar mitin na ji tsoro, na yi shiru aka ɗauke sunanka. Ba zan sake ɗaukan abinka ban tambaya ba. Na san kana iya gogewa. In ka goge, ni ba zan ce komai ba, kayanka ne."

Na yi mata tas. Na ce ranar da nake buƙatar bakinta ta haɗiye shi, yau da wuyanta ke kan layi ta kwaso ƙafa ta zo tana min wa'azin amana. Na ce in da gaske take ta je ta faɗa a gaban mai kamfani cewa aikina ne. Ta ce ta gwada shiga wurinsa, sakatariya ta ce komai na sashenmu ta hannun Oga Mansur zai bi, kuma in Oga ya ji ta buɗe maganar kafin Alhamis, ranar zai kore ta ya sa wani ya kwafe guntun, ni ban samu sunana ba ita ba ta samu aikinta ba. Na san gaskiya ta faɗa, shi ya ƙara ba ni haushi. Ba ta roƙe ni ba fa, ko sau ɗaya ba ta ce don Allah kar ki goge ba. Da za ta tafi ta ce wa Baba ƙaramin ɗanta yana tari, ya ɗauko mata magani, ya danna tablet, 'yar firintar ta fitar da takarda ya manna a kwalbar. Ta tsaya tana kallon takardar, ta kalle ni, ta saka a jaka ta fita. Baba ya ƙi karɓar kuɗinta, ya bi ta har titi ya tsayar mata da keke.

Tun jiya nake jin haushinta fiye da na Oga Mansur, ku yarda ko kar ku yarda. Da ta kwafe a ɓoye, da na ce dama halinta ne, na tsine wa ofishin gaba ɗaya na huta. Da ba ta zo ba, da na goge ranar Laraba da zuciya ɗaya ban san a kan wa ginin zai faɗo ba. Yanzu ta zo ta ajiye min abincin 'ya'yanta a tafin hannu ta tafi, wa ya ce mata ina son riƙewa? Na yi tunanin in kulle guntun maimakon in goge, in ce ba zan buɗe ba sai an mai da sunana an kuma faɗa a rubuce cewa nawa ne. Amma na san mutumin nan, cewa zai yi Rahila ce ta haɗa baki da ƙawarta aka yi wa kamfani zagon ƙasa, ita zai fara kora kafin ya neme ni, kuma kowa a ofis ya san tare muke cin abinci. In kuma na bar shi a buɗe, ranar Alhamis zai tsaya da sabuwar kwat ya sake ba da labarin kawunsa, asibitoci su ɗauka, sunansa ya ƙara nisa, ni in ci gaba da zama yarinyar nan mai jingina da aikin manya. Daga baya dole wani ya gano ya kwafe, damar nan ba za ta sake dawowa ba. Mama ta ce in goge, ta ce Rahila ai ba ta tuna sosai ba, ni ma in manta da ita sosai. Baba kuwa da safen nan yana share kanta ya ce min yaron Rahila da tarin nan ya kamata a kai shi asibiti in bai sauka ba.

Don haka na zo gare ku. Masu sana'armu da ke gidan nan, akwai hanyar da zan ƙwato sunana ba tare da na taka Rahila ba, wadda ni fushi ya rufe min ido ban gani ba? Sauran jama'a, ku gaya min tsakani da Allah, wadda ta yi shiru aka yanka ni ta cancanci in yi shiru a sake yanka ni don ita? Kar wanda ya ce min in bar wa Allah ya tsaya nan, na san da Allah, shi ya ba ni wannan damar ma, abin da zan yi da ita kafin Alhamis nake tambaya.

Shafin da guntun yake, in za ka goge abu ba ya yarda haka kawai, sai ya ce ka rubuta sunan abin da hannunka don ya tabbatar da gaske kake. Yana buɗe a gabana yanzu. Na rubuta rabin sunan, sai na tuna ban cire lambar Rahila daga toshewa ba, ko yaron ya kwana lafiya ban sani ba. Rabin yana nan yana jira, ban ƙarasa ba ban share ba. Ku ce min wani abu.